Tsatsa na cinye rijiyoyin burtsatse a karkarar Zamfara

A duk lokacin da aka taɓo batun ƙarancin ruwan sha a karkarar arewacin Nijeriya, abin da hukumomi suka fi gabatar wa jama'a shi ne adadin sababbin rijiyoyin burtsatse da suka haƙa, da kuma kuɗin da aka kashe. Ba kasafai akan ji bayanin irin ƙarfen da aka zura cikin rijiyoyin ba, alhali kuwa a wurare da dama wannan ƙarfe, da ɗan rufin kariya da ke jikinsa, su ne ke yanke hukuncin ko rijiya za ta shekara 10 tana ba da ruwa mai kyau, ko kuwa za a yi watsi da ita tun kafin damina ta uku.

A ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu na jihar Zamfara, inda garuruwa da ƙauyuka irin su Kekun Waje ke nesa da bututan hukumar ruwa ta jiha, famfon tuƙa-tuƙa shi ne madogarar ɗimbin iyalai, musamman daga watan Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ƙoramu ke ƙafewa, rijiyoyin gargajiya kuma ke janyewa.

Ƙorafin da aka saba ji game da irin waɗannan famfuna a sassa daban-daban na Afirka kusan iri ɗaya ne. Da farko ruwa zai fara fitowa ja da sassafe yana ƙarnin ƙarfe, ya ɓata fararen tufafi, ya mai da shayi baƙi. Bayan wasu watanni sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya hau, saboda bututun ya fara yoyo. Daga ƙarshe sai bututun ya tsinke ya faɗa ƙasan rijiya.

Akasarin jama'a kan ɗauka cewa haka ruwan wurin yake tun asali, ko kuma famfon ne ya tsufa. Sai dai binciken da ƙwararru suka shafe shekaru fiye da 30 suna yi ya nunar da cewa sau da yawa tsatsa ce ke yin wannan ɓarna, kuma tun ranar da aka zaɓi kayan aikin aka shuka ta.

Girman matsalar

A shekarar 2022 ƙungiyar RWSN, wadda ta haɗa ƙwararru kan samar da ruwan sha a karkara daga ƙasashe da dama, ta fitar da wasu jerin rahotanni da Dakta Kerstin Danert ta rubuta. Rahotannin sun ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 200 ne a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara suka dogara da famfunan tuƙa-tuƙa wajen dubu 700, kuma kusan ɗaya cikin kowane biyar daga cikinsu ba ya aiki. Kazalika an sami shaidar tsatsar gaggawa a famfunan ƙasashe aƙalla 20 na yankin.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, maganar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1994 wani bincike da Otto Langenegger ya gudanar a Afirka ta Yamma, ƙarƙashin shirin samar da ruwa na Bankin Duniya da hukumar UNDP, ya yi gargaɗin cewa bai kamata a zura bututun ƙarfe mai rufin tutiya cikin ruwa mai tsami ba. Amma duk da haka aka ci gaba da zurawa.

Ga jiha kamar Zamfara, mutuwar famfo ta wuce batun asarar kuɗi. Idan ya tsaya, ko kuma ruwansa ya yi ja har mata suka ƙaurace masa, jama'a kan koma ga tafki da kududdufi da buɗaɗɗun rijiyoyi. A shekarar 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta lissafa mutane fiye da dubu 111 da ake zargin sun kamu da kwalara a faɗin Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na daga cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wannan ya faru ne shekaru uku bayan gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwan sha da tsaftar muhalli a watan Nuwamban 2018.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula al'amarin. A yankunan da 'yan bindiga ke kai hare-hare, kamar wasu sassan Tsafe da Bunguɗu, ba kowane mai gyara ne zai yarda ya ɗauki kayan aiki ya shiga ƙauye ba, kuma duk nisan da aka ƙara wa mata da yara wajen neman ruwa ƙarin haɗari ne ga rayuwarsu. A irin wannan hali famfon da ba ya buƙatar gyara akai-akai yana da darajar da ta zarce kuɗinsa.

Yadda rufin tutiya ke aiki

Ƙarfe daga ƙasa ake haƙo shi, a narka shi a tace, kuma muddin ya haɗu da ruwa da iska zai nemi komawa kamanninsa na asali. Wannan komawar ita ce tsatsa. Gishiri da tsami da zafi duk suna ƙara mata sauri.

Hanyoyin kare ƙarfe kuwa ba su da yawa. Ta farko ita ce a yi masa katanga tsakaninsa da ruwa, ta hanyar fenti ko kwalta ko roba ko kuma wani ƙaƙƙarfan shafi da ake kira efoksi. Ta biyu ita ce a lulluɓe shi da wani ƙarfen da zai fanshe shi, wato wanda tsatsa za ta fara ci kafin ta taɓa na ciki. Ta uku kuma a gauraya shi da wasu ma'adinai tun a wurin narkarwa, kamar yadda ake yi wa farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ke ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na kuromiyam.

Bututun da 'yan kasuwa ke kira GI yana cikin rukuni na biyu. Ana tsoma shi ne cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri kimanin 450, dabarar da wani injiniyan Faransa mai suna Stanislas Sorel ya yi wa rajista tun a shekarun 1830. Kaurin rufin da ke manne wa ƙarfen bai wuce na silin gashin kai ɗaya ba, amma yana da ban mamaki, domin ko an karce shi, tutiyar da ke gefen karcen za ta ci gaba da narkewa a madadin ƙarfen. Wannan ne dalilin da ya sa kwanon rufi mai inganci ke daɗewa a busasshiyar iskar arewa.

To amma tutiya na da iyakarta. Masana na auna tsamin ruwa da wani ma'auni da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da haka ya karkata ga tsami irin na tsamiya, abin da ya haura kuma ya karkata ga kaifi irin na kanwa. Idan ruwan rijiya ya yi ƙasa da 6.5, wanda harshe ba zai ma ji tsaminsa ba, tutiyar kan narke da sauri, kuma cikin 'yan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfen ya rage tsirara.

Ɓarnar kan fara ne daga mahaɗar bututai, inda aka yanka zare domin ɗaura wani cikin wani, saboda a nan injin yankan ya riga ya kankare tutiyar. Har ila yau idan aka haɗa ƙarafa iri biyu a cikin ruwa, alal misali sandar farin ƙarfe a cikin bututun GI, wani ɗan lantarki kan gudana tsakaninsu, ya sa mai raunin ya ƙare da wuri. Ga kuma matsalar jabun kaya, waɗanda aka yi musu ɗan shafi mai ƙyalli kawai ana sayar da su a matsayin na ainihi.

Ƙasar dutse

Gabashin Zamfara na zaune ne a kan tsohon dutse, kamar yadda duwatsun Kwatarkwashi da na kewayen Tsafe ke nunawa. A irin wannan ƙasa ruwa na taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogi, kuma sau da yawa yakan zo da ƙarancin sinadaran da ke kashe tsami, saɓanin ruwan da ya ratsa farar ƙasa. Yanayin ya bambanta daga rijiya zuwa rijiya, hatta a gari guda, shi ya sa ƙwararru ke cewa kowace rijiya sai an gwada ruwanta kafin a zaɓa mata bututu.

Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ta amince da pH daga 6.5 zuwa 8.5, ta kuma ƙayyade cewa sinadarin ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a kowace lita. Gwajin tsamin bai da tsada, domin 'yar ƙaramar na'ura ce da ake riƙewa a hannu, sai dai dole a yi shi a bakin rijiya, saboda ruwan kan sauya idan ya sha iska a hanyar zuwa ɗakin gwaji.

Akwai ma hanyar da mazauna ƙauye za su iya ganewa da kansu. Idan ruwan farko da sassafe ya fito ja, amma bayan an ɗebi bokitai da dama ya washe, to alama ce cewa jan daga bututu yake. Idan kuwa ruwan ya fito garau, sai bayan ya zauna a randa ya yi ja, komai yawan tuƙawar da aka yi, to mai yiwuwa daga ƙasa yake. Bambancin na da muhimmanci, domin na farkon ana magance shi ne da sauya bututu kawai, ba sai an haƙa sabuwar rijiya ba.

Darasi daga manyan ayyuka

Manyan masana'antu sun daɗe da sanin cewa rufin kariya ba ado ba ne. Wani nazari da ƙungiyar injiniyoyi ta NACE ta fitar a shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa na janyo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara, kwatankwacin kashi 3.4 cikin 100 na tattalin arzikin duniya, kuma za a iya kauce wa kashi 15 zuwa 35 na wannan asara da dabarun da aka riga aka sani.

Misali mafi kusa shi ne bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, kuma a shekarar 2025 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar cewa an tsallakar da shi ta ƙarƙashin kogin Neja. Bututai irin wannan akan lulluɓe su da rufi hawa uku: garin efoksi da ake narkarwa a jikin ƙarfe mai zafi, sannan gam, sannan roba mai kauri. Duk inda aka yi walda sai an sake rufe wurin, kuma kafin a binne sai an bi jikin bututun da na'urar lantarki mai gano huji komai ƙanƙantarsa. Bayan haka akan haɗa shi da wani ɗan lantarki mai hana tsatsa kama shi, dabarar da Humphry Davy ya fara gwadawa a jiragen ruwan Ingila a shekarar 1824.

Ita kanta Gusau tana da ma'ajiyar man fetur ta NNPC, wadda aka haɗa da matatar Kaduna ta bututu ta hanyar Zariya. Injiniyoyi sun san cewa bututun da ya daɗe ba a tura mai a cikinsa ba bai tsira ba, domin ruwa kan kwanta a ƙasansa ya ci shi ta ciki, idan kuma na'urorin kariyar lantarki suka rasa wuta ko aka sace su, ƙasa ta ci shi ta waje.

A masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, inda ake aiki da gishiri da farar ƙasa da asid da sinadarin kuromiyam, baƙin ƙarfe tsirara ba ya jimawa. Shi ya sa a sana'ar jima ta zamani aka fi dogaro da gangunan katako da roba da farin ƙarfe. Haka nan a matatun ruwa, inda alif da kulorin ke buƙatar tankunan roba ko waɗanda aka yi wa shafi na musamman. Manoman Bunguɗu ma sun san abin da takin zamani ke yi wa baro da bodin mota da kwanon rumbu idan ya sha laima.

Abin da sakaci kan iya haifarwa ya fito fili a birnin Guadalajara na ƙasar Mekziko a ranar 22 ga Afrilun 1992. Bututun ruwa mai rufin tutiya ya jingina da bututun fetur a ƙarƙashin ƙasa, tsatsa ta huda shi, man ya malala cikin magudanan birnin, fashewar da ta biyo baya kuma ta hallaka mutane fiye da 200.

Darasin a nan shi ne, a manyan ayyuka akan fara nazarin ƙasa da ruwa da sinadaran da ƙarfe zai zauna a ciki, sannan a zaɓi rufin da ya dace. A aikin rijiyar ƙauye kuwa sau da yawa abin da ke cikin shago, kuma ya fi araha, shi ake ɗauka.

Maganin da ke iya zama guba

Akwai wani ɓangare na wannan batu da ya shafi Zamfara fiye da kowace jiha. A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Wancan bala'i ya samo asali ne daga niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, amma ya koya wa jihar abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a cikin jini da za a kira maras illa.

Dalma ta daɗe tana cikin kayan kare ƙarfe. Shekaru aru-aru jan fenti mai dalma shi ne abin da ake fara shafa wa gadoji da jiragen ruwa da ƙyamaren ƙarfe, kafin ƙasashe da dama su hana shi. Ƙa'idar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Mai walda da ke kankare tsohon fenti ko ƙona shi a bakin titi, da wanda ke shafa wa cikin tankin ruwan sha fentin da ba don haka aka yi shi ba, duk suna cikin wannan haɗari, su da masu shan ruwan.

Su ma sassan tagulla na famfo da ita kanta tutiya maras inganci kan ƙunshi dalma, kuma ruwa mai tsami ne ke narkar da ita. Wani bincike da masanan Jami'ar North Carolina suka wallafa a shekarar 2021, kan famfuna da rijiyoyin karkara a Ghana da Mali da Nijar, ya gano cewa kimanin kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka gwada ya haura ƙa'idar dalma ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Hatta a Amurka, rikicin ruwan birnin Flint da ya faro a shekarar 2014 ya taso ne daga sauya tushen ruwa ba tare da zuba sinadarin hana tsatsa ba, lamarin da ya sa dalmar tsofaffin bututai ta shiga gidajen jama'a.

Ina mafita?

A fannin fasaha amsar a bayyane take. Famfon India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya a shekarun 1970 da tallafin UNICEF, an saba harhaɗa shi da bututun GI, kuma yana aiki sosai inda ruwa ba shi da tsami. Inda kuwa yake da shi, ana iya amfani da bututun roba na PVC da sandunan farin ƙarfe, kamar yadda yake a famfon Afridev, wanda aka tsara domin rijiyoyin da zurfin ɗago ruwansu bai wuce mita 45 ba. Idan zurfin ya zarce haka akan koma ga bututun farin ƙarfe. Rijiyoyi masu aiki da hasken rana, da ke ƙara yawaita, su ma ba su kuɓuta ba, domin suna da bututu a cikin ruwa da hasumiyar ƙarfe mai ɗauke da tanki.

Ƙasar Uganda ta gwada ɗaukar mataki a shekarar 2016, lokacin da gwamnatinta ta dakatar da amfani da bututun GI a famfunan tuƙa-tuƙa. Matakin ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne, amma ya kuma nuna cewa hani kaɗai bai wadatar ba, domin farin ƙarfe ya fi tsada, shi ma kuma yana da jabu, wanda ido ba ya iya bambanta shi da na ainihi.

Ke nan babban aikin yana wurin ba da kwangila ne. Muddin takardar kwangila ba ta wajabta gwajin ruwa kafin a sa famfo ba, ba ta fayyace irin bututu da lambar ingancinsa ba, kuma ana biyan ɗan kwangila kuɗinsa gaba ɗaya ranar da ruwa ya fara zuba, to babu abin da zai tilasta masa sayen kaya masu tsada. Riƙe wani kaso na kuɗin har sai rijiya ta shekara tana aiki, da sa wani mai duba aiki wanda ba ya ƙarƙashin ɗan kwangila ya ga bututan kafin a zura su, matakai ne da ba sa buƙatar sabuwar doka. Akwai kuma rawar da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki za ta taka a tashoshin jiragen ruwa da manyan kasuwannin kayan ƙarfe irin su Ƙofar Ruwa a Kano, inda 'yan kwangila da dama na arewa maso yamma ke sayayya.

Sai dai akwai cikas na siyasa. Sabuwar rijiya tana zuwa da allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo ta, da bikin ƙaddamarwa, yayin da sauya ruɓaɓɓun bututai a tsohuwar rijiya, duk da cewa kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na haƙa sabuwa, ba ya jan hankalin kowa. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa a ga sabon famfo kusa da matacce a gari guda.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ga mazauna karkarar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tambayar da ta fi dacewa su da kwamitocinsu na kula da ruwa su riƙa yi wa duk wanda ya zo da injin haƙa ita ce ko an gwada ruwan, kuma wane irin bututu za a zura. Ga hukumomi kuwa, alƙaluman da za su fi nuna gaskiyar aiki su ne na rijiyoyin da har yanzu ke ba da ruwa garau shekaru biyar bayan ƙaddamar da su.